Adabin zaman kufai: shawara kan fassarar post-apocalyptic

Masu fassara da masu sharhin littattafai da fina-finai sun daɗe suna fama da kalmar post-apocalyptic, wadda ake siffanta ƙagaggun labarai da ita idan sun ginu a kan rayuwar 'yan tsirarun da suka tsira bayan annoba ko yaƙin nukiliya ya shafe hukuma da kasuwa da doka. Shawarata ita ce mu kira wannan fanni adabin zaman kufai.

Fassarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce "bayan tashin kiyama", kuma ba a rasa dalili ba, domin tushen kalmar, wato apocalypse, Girkanci ne mai nufin yaye lulluɓi, kuma da ita ake kiran littafin ƙarshe na Sabon Alkawari, mai bayanin ƙarshen zamani. Sai dai a kunnen Bahaushe, Musulmi ne ko Kirista, abin da ke bayan kiyama hisabi ne da sakamako. Su kuwa waɗannan labarai a doron ƙasa suke faruwa, ana jin yunwa, ana haihuwa, ana tsoron maƙwabci. Wannan fassara tana ɓatar da mai karatu, tana kuma ɗora wa adabi nauyin aƙida da bai nema ba.

"Bayan bala'i" ta yi faɗi, domin ambaliyar da ta ci gari guda ma bala'i ce, amma agaji yana zuwa daga wani gari. A nan babu garin da ya rage da zai aiko.

"Bayan rugujewar wayewa" ta fi kusa, kuma ta dace da rubutun nazari. Masanin tarihin al'umma Joseph Tainter ya bayyana rugujewa a 1988 a matsayin saurin warwarewar sarƙaƙiyar tsarin da al'umma ta daɗe tana ginawa. Amma lafazin ya yi tsawo, kuma a bakin jama'a wayewa ta fi nuni ga gogewar mutum ɗaya.

Kufai shi ne wurin da gari ya taɓa zama, mutanensa suka watse, alamunsa suka saura. Ya bambanta da daji, wanda bai taɓa zama gari ba, ya kuma fi kango, wanda gini ɗaya ne. Wannan bambanci shi ne zuciyar fannin, domin mutanen da ke cikin labaran suna tafiya a kan titin da babu mota, suna ganin turakun lantarki babu wuta, kuma sun san abin da aka rasa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne gine-ginen suna nan tsaye. Wadda ta karye ita ce amanar da ke sa manomi da direba da likita, waɗanda ba su san juna ba, su riƙa yi wa juna aiki kullum. Masanin tarihi Ibn Khaldun, wanda annobar 1348 ta ɗauke iyayensa a Tunis, ya rubuta yadda birane suka zama wayam, hanyoyi suka shafe. Marubuciyar Ingila Mary Shelley ma a kan annoba ta gina labarinta na 1826 game da mutum na ƙarshe, tun kafin bam ɗin Hiroshima na 1945 ya buɗe wa marubuta wata ƙofar fargaba.

Za a iya cewa ai kufai babu kowa a cikinsa. Shi ya sa na haɗa shi da "zaman", domin karon da ke tsakanin kalmomin biyu shi ne labarin kansa: mutane suna ƙoƙarin kafa rayuwa inda rayuwa ta riga ta tashi. Sai mu ce fim ɗin zaman kufai, ko marubucin zaman kufai. Labaran da ke nuna rushewar tana cikin faruwa kuwa, waɗanda Turawa ke kira apocalyptic kawai, a bar musu sunan adabin rugujewa.