Kwamfuta ta ƙi tashi bayan sabunta Windows: wanne ake fara gwadawa?

Sadiya_Tech:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin jarrabawar CompTIA A+ ta masu gyaran kwamfuta, ɓangare na biyu, wato Core 2, kuma akwai wurin da yake ruɗa ni. Ana kawo tambaya cewa kwamfuta mai Windows 11 ta saka sabuntawa, ta sake kunnuwa, sai ta maƙale a shuɗin allo. Sai a jero zaɓi: Startup Repair, System Restore, Uninstall Updates, Reset this PC. A ganina duk huɗun za su iya tayar da ita. To da me ake bambance su, kuma wanne ake so mutum ya fara da shi? Sannan me ya sa a matakan cire bairos ake cewa a kashe System Restore, alhali shi ne abin ceto?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam. Ka'idar ita ce a fara da abin da ba ya taɓa kayan mai kwamfuta, a bar mai ɓarna zuwa ƙarshe. Duk huɗun suna cikin muhallin gyara da ake kira WinRE. Windows na shigarsa da kanta idan ta kasa tashi sau biyu a jere, ko kuma ki riƙe maɓallin Shift ki danna Restart idan har allon shiga yana fitowa. Daga nan Troubleshoot, inda Reset this PC yake, sai Advanced options don sauran ukun.

Tunda tambayar ta faɗa miki ƙarara cewa sabuntawa ce ta jawo matsalar, amsar ita ce Uninstall Updates. A ciki za ki ga zaɓi biyu, kuma nan ne ɗalibai ke faɗuwa. Na farko shi ne cire sabuntawar wata-wata, wadda Microsoft ke saki ranar Talata ta biyu a kowane wata don toshe ƙofofin tsaro. Na biyu shi ne cire babbar sabuntawa, wadda ke sauya sigar Windows ɗin gaba ɗaya, kamar daga 23H2 zuwa 24H2. Wannan ta biyun kwana 10 kacal ake da su. Tsohuwar sigar tana zaune a foldar Windows.old, kuma da wa'adin ya cika Windows za ta goge ta. Haka ma idan wani ya share ta da Disk Cleanup don neman fili, hanyar komawa ta toshe ke nan.

Startup Repair aikinsa gyara fayilolin da ke tayar da kwamfuta ne. Ya fi dacewa idan wuta ce ta ɗauke ana tsaka da aiki, ba idan sabuntawar kanta ce ke rigima da wani direba (manhajar da ke sarrafa wata na'ura a kwamfutar) ba. System Restore yana mayar da rajistar Windows, direbobi da manhajoji zuwa wata rana da ta wuce, ba ya taɓa takardu da hotuna, amma sai in an taɓa kunna shi an ajiye wurin komawa. A kwamfutoci da yawa a kashe yake zuwa. Reset shi ne na ƙarshe: ko an zaɓi Keep my files, duk manhajojin da aka saka za su tafi.

Injiniya Kabiru:
Malam Bashir ya yi daidai a jerin, amma ya tsallake matakin da ya kamata ya zo kafin duka: makullin BitLocker, tsarin Windows da ke kulle bayanan rumbun kwamfuta. Idan rumbun kwamfutar a rufe yake da shi, WinRE na iya hana ki yin gyara sai kin shigar da makullin, mai lambobi 48. Kuma yanzu ba kamfanoni kaɗai abin ya shafa ba. Tun daga 24H2, sabuwar Windows 11 da aka shiga da asusun Microsoft kan rufe rumbun da kanta, mai ita bai ma san an yi ba. Makullin yana cikin asusunsa na Microsoft a ɓangaren na'urori. Idan kwamfutar ofis ce, yana wurin mai kula da Active Directory ko Entra ID, wato tsarin asusun ma'aikatan ofis.

Abin da ya faru ranar 19 ga Yulin 2024 ya isa misali. Sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike, ba ta Windows ba, ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft. Gyaran kansa ba wuya: a shiga Safe Mode a goge fayil guda mai farawa da C-00000291 a foldar direbobin kamfanin. Abin da ya ɓata wa ma'aikata lokaci shi ne nemo makullin kowace kwamfuta ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka duk kwamfutar da ke hannunki tana lafiya, buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa ki rubuta manage-bde -protectors -get C: ki adana lambar a wani wuri daban, ba a kan kwamfutar ba. Kafin sabunta BIOS ko canza wani abu a UEFI, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows, a dakatar da BitLocker tukuna da manage-bde -protectors -disable C: -RebootCount 1. Dalili kuwa, guntun tsaro na TPM, wanda ke riƙe makullin, yana auna yanayin da kwamfuta ke tashi, idan ya ga an sami canji sai ya ƙi sakin makullin. Dakatarwa daban, kashewa daban: kashewa na warware rufin rumbun duka, yana cin sa'o'i, kuma babu buƙatarsa.

Kwanaki goman nan na cire babbar sabuntawa ma ana iya tsawaita su har 60, muddin ba su ƙare ba: DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60.

Hajiya Rabi:
Sadiya, ga amsar tambayarki ta biyu. Wuraren komawa na System Restore suna ɗaukar kwafin fayilolin tsarin yadda suke, har da bairos ɗin idan ya riga ya shiga. Kin wanke kwamfuta tas, bayan wata guda wani ya mayar da ita baya, bairos ya dawo. Kashe shi yana goge tsofaffin wuraren komawar. Jerin da jarrabawa ke so: a tabbatar da alamun cutar, a keɓe kwamfutar daga netwok, a kashe System Restore, a sabunta manhajar kariya a bincika a cire, a tsara binciken lokaci-lokaci, a sake kunna System Restore a ajiye sabon wurin komawa, sannan a wayar da kan mai kwamfutar. Ana kunnawa da kashewa ta sysdm.cpl, shafin System Protection.

Ni dai a aikace ina ganin gara a kwafe takardun mutum zuwa wani rumbun kafin a goge wuraren komawar nan, domin wani lokacin cire bairos ɗin kansa ke karya Windows. Amma a jarrabawa ki bi jerinsu.

Sadiya_Tech:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Saura ɗaya: idan kwamfutar na tashi lafiya, sabuntawar ce kawai ke ƙin shiga fa?

Malam Bashir:
Fara da lambar kuskuren a Update history. 0x80070070 na nufin fili ya ƙare a rumbu. Duba kwanan wata da agogo ma, domin idan batirin CMOS, ƙaramin batirin da ke riƙe agogon kwamfuta, ya mutu agogo ya koma baya, kwamfutar ba za ta amince da sabar Microsoft ba. Idan waɗannan lafiya, gudanar da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, bayansa sfc /scannow. Jerin na da muhimmanci, domin sfc daga ma'ajiyar da DISM ke gyarawa yake ɗauko fayiloli masu kyau. In har yanzu ta ƙi, tsayar da wuauserv da bits, ayyukan da ke sauko da sabuntawa, da umarnin net stop, canza wa foldar C:\Windows\SoftwareDistribution suna, ki sake kunna su. Windows za ta gina sabuwa ta sauko da komai daga farko.

Ga masu aiki da data ta waya, a saita haɗin a matsayin Metered connection, sai dai a sani yawancin sabuntawa za su tsaya har sai an cire shi. Pause updates mako 5 ne iyakarsa. Jinkirtawa ta gpedit.msc, kwana 30 ga ta wata-wata da 365 ga babba, sai a Pro da abin da ya fi ta, babu ita a Home. Kuma kada a fara babbar sabuntawa a kwamfutar tebur da ba ta da UPS (batirin ajiyar wuta), ko laftof da batirinta ya mutu, sai an tabbatar wutar za ta zauna.