Muhawara: Turaren asali ba ya cutar da na kusa da kai, sai na jabu?

Mai Haɗa Turare: Assalamu alaikum. Maganar nan da ake ta yi, wai a hana fesa turare a ofis da asibiti don yana tayar wa wasu ciwo, ni dai ba ta shige ni ba. Turaren asali da aka haɗa bisa ƙa'ida ba ya cutar da na kusa da kai. Tun 1973 akwai ƙungiyar masu turare ta duniya, IFRA, wadda ke ƙayyade iyakar abin da za a zuba na sinadarai da dama, wasu ma ta hana su gaba ɗaya. Ku yi lissafi kuma: fesi ɗaya kimanin mililita 0.1 ne. In kwalbar an rubuta mata Eau de Parfum, man ƙamshin da ke ciki kashi 15 zuwa 20 ne cikin 100, sauran galibi alkohol ne da ɗan ruwa. Man da ya fita a fesi ɗaya bai ma kai ɗigo guda ba. Wannan ne zai kwantar da ƙato? Na jabu ne ke sa ciwon kai. Sauran masu ƙorafi kuma ƙamshin ne kawai bai yi musu ba.

Likitar Fata: Wa alaikumus salam. Alhaji, lissafinka daidai ne, amma raba asali da jabu da ka yi ba shi da tushe. Sinadaran da fata ta fi yi wa bore suna cikin turarukan manyan kamfanoni, a rubuce ma a bayan kwali. Ɗauko kowane ka duba, za ka ga Linalool, Limonene, Geraniol, Eugenol, Coumarin, Citral. Dokar Tarayyar Turai ce ta tilasta bayyana sinadarai 26 irin waɗannan da zarar sun wuce kashi 0.001 cikin 100 a abin da ke zama a fata, ko 0.01 a abin da ake wankewa kamar sabulu. A 2023 an faɗaɗa jerin zuwa wajen 80. Kwamitin masanan Tarayyar ya ƙiyasta a 2012 cewa mutum 1 zuwa 3 cikin 100 a Turai na da wannan matsalar.

Yadda abin ke faruwa: sinadarin ya ratsa fata, garkuwar jiki ta ɗauke shi abokin gaba, ta kuma riƙe shi a ka. Daga nan duk lokacin da suka sake haɗuwa, bayan kwana 1 zuwa 3 wurin ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci har da ƙananan ƙuraje masu ruwa. Jinkirin nan ne ke sa mutane ba sa zargin turare. Kuma in jiki ya koya, ya koya ke nan, yawanci har abada.

Mai Haɗa Turare: To ai kin ba ni gaskiya, Likita. Wannan fatar mai shafawa ce. Ina ruwan maƙwabcinsa?

Likitar Fata: Galibi haka ne. Sai dai yana bin matashin kai, tawul da runguma, shi ya sa ake ganinsa a tsakanin ma'aurata, ko a kuncin jaririn da ake rungumewa.

Nas ta Sashen Numfashi: Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ku bar fata, ku dawo hanci da ƙirji. Abin da ke samun na kusa da mai turare yawanci ba boren garkuwar jiki ba ne, don haka in an yi masa gwajin jini ba a ganin komai, sai a ce ƙarya yake yi. Cikin hanci jijiyar sansano ba ita kaɗai ba ce. Akwai wata da ke jin yaji da zafi, ita ce ke sa ka hawaye in ana yanka albasa. Wasu sinadaran ƙamshi, irin na kirfa misali, suna taɓa ta kai tsaye. Sakamakon: atishawa, yoyon hanci, ƙaiƙayin maƙogwaro, tari. Ga mai asma, wanda hanyoyin iskarsa dama a kumbure suke, tsokar da ke kewaye da su sai ta matse cikin 'yan mintuna, ka ji numfashi na fito. Masu ciwon ɓarin kai ma da yawansu ƙamshi mai ƙarfi ne ke buɗe musu ƙofar ciwon. Ƙara da masu laulayin ciki da masu karɓar maganin ciwon daji, waɗanda ƙamshi kaɗan ke sa su amai. Jijiyar nan ba ta karanta sunan kamfani, Alhaji.

Malamin Kimiyya: Sista, bari in ɗan kare Alhaji kafin in juya masa baya. An yi gwaje-gwaje a kan mutanen da suka ce kowane ƙamshi na sa su ciwo, aka ɓoye musu ko sinadari ake ba su ko iska zalla. A da yawa daga gwaje-gwajen da aka rufe ƙamshin sosai, ba su iya bambancewa ba. Ke nan tsammani da fargaba suna da hannu. A gefe guda, masu bincike a Suwidin sun shaƙa wa irin waɗannan mutane sinadarin da ke sa barkono yaji, suka ga suna tari fiye da sauran jama'a, wanda ke nuna jijiyoyin nasu sun fi saurin tashi. Duka biyun gaskiya ne.

Inda Alhaji ya zame shi ne wurin lissafi. Ya ƙirga fesi ɗaya a ɗaki mai faɗi. Wa ke tsayawa a ɗaya? Ɗauki mai fesi 8, wato mililita 0.8. Ofis mai mita 4 tsawo, 4 faɗi, 3 bisa, yana ɗauke da iska mita kubik 48. Cikin ƙaramar mota kuwa wajen 3 ne. Turare iri ɗaya, yawa iri ɗaya, amma kaurinsa a iskar mota zai iya ninka na ofis sau 16, balle an ɗage gilasai an sa na'urar sanyi tana juya iskar ciki. Kuma ko a ofis ɗin ba ya watsuwa daidai wa daida. Ɗumin jiki na tura shi sama, na kujerar kusa ne ke shaƙar mai kaurin.

Nas ta Sashen Numfashi: Na yarda da batun fargaba, Malam, amma kada a mai da shi sanda. Wanda turare ya taɓa sarƙe wa numfashi, dole ya tsorata in ya sake jin sa, tsoron kuma ya ƙara matse ƙirjin. Mai asma na iya rabe gardamar da kansa. Akwai ɗan bututun da ake hurawa ya nuna ƙarfin fitar numfashi. Ya hura sau 3 ya rubuta mafi girma kafin shiga wurin, ya sake bayan ya ji alamun. In lambar ta faɗi da kashi 20 cikin 100 ko fiye, wannan ba ƙin ƙamshi ba ne, sai ya kai wa likitansa takardar.

Malamin Kimiyya: Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne mai turaren ba da mugunta yake cikawa ba. Hanci yana sabawa da ƙamshin da ba ya yankewa cikin 'yan mintuna, ƙwaƙwalwa ta daina kula shi. Sai ya ɗauka turaren ya gudu, ya ƙara. Azahar ta yi ya ƙara. Duk wanda ke ɗakin ya fi shi sanin abin da ke jikinsa.

Mai Haɗa Turare: Wannan kam ba na musu, kuma laifin mai fesawa ne, ba na kwalba ba. Ga yadda ya dace. Mai ƙarfi, wanda aka rubuta wa Parfum ko Extrait, mai kashi 20 zuwa 30, fesi 1 ya isa. Eau de Parfum 2. Eau de Toilette, mai kashi 5 zuwa 15, 2 ko 3. A riƙe kwalbar nesa da jiki kamar santimita 15, a fesa a ƙirji ƙarƙashin riga, rigar ta tare shi ya riƙa fita a hankali. A yi hakan minti 20 zuwa 30 kafin fita, domin alkohol da ƙamshin farko masu kaifi su ne ke tashi da wuri, su ne kuma suka fi dukan hanci. Kuskure mafi muni fesa tufafi, musamman kwat da mayafi da ba a wankewa kullum. Almiski da sauran masu nauyi suna kwana da kwanaki a zare, na yau ya hau kan na jiya. Kada kuma a fesa cikin mota ko lif ko banɗakin ofis.

Wanda ke zama da masu larura ya koma turaren mai na tsirrai zalla. Babu alkohol, babu sinadarin masana'anta, shi ke nan an huta.

Likitar Fata: Rabin farko na sa hannu. Na ƙarshen nan kuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago. Turaren mai ba ya bazuwa kamar na fesawa, wannan ya taimaki maƙwabci. Amma ga fata, na tsirrai ba sauƙi ba ne. Biyu daga cikin mafi ƙarfin masu tayar da bore, Atranol da Chloroatranol, daga wata gansakuka da ke fitowa a jikin itatuwa ake samun su, Turai kuma ta hana sayar da kayan da ke ɗauke da su tun 2021. Eugenol na cikin man kanumfari. Man ɓawon lemon bargamot da ba a tace ba yana da sinadarin da in rana ta doke shi yake ƙona fata, ya bar baƙin tabo a wuya na watanni.

Sannan tsufan kwalba. Limonene da Linalool sababbi ba su cika tayar da bore ba, amma in iska ta daɗe tana shigar su sai su rikiɗe su zama masu tayarwa sosai. Kwalbar da ta rage kwata, aka bar ta a taga ko cikin mota, ta fi sabuwa haɗari. A ajiye a kwali, wuri mai sanyi da duhu, a rufe da kyau. In launi ya yi duhu ko ƙamshin ya yi tsami, a zubar.

Mai shakka ya shafa kaɗan a lanƙwasar gwiwar hannu, safe da yamma, kwana 7 zuwa 14, in ja ko ƙaiƙayi ya fito ya tsaya. Shafa sau ɗaya a duba bayan awa guda ba gwaji ba ne. Na asibiti shi ne a manna sinadaran a baya da filasta na awa 48, a cire a duba, a sake dubawa a kwana na 3 ko na 4.

Jami'ar Kula da Ma'aikata: Ku kuna maganar jiki, mu ke karɓar takardar ƙorafi. Haramta ƙamshi kwata-kwata yana da daɗin rubutawa, aiwatarwa ce aiki. Sabulun wanki, man gashi, man shafawa, duk da ƙamshinsu. Wa zai tsaya a ƙofa yana shinshina mutane? Yin ko-oho kuma yana da tsada: a 2010 hukumar birnin Detroit a Amurka ta biya wata ma'aikaciyarta dala 100,000 bayan ta kai ƙara cewa turaren abokiyar aikinta na hana ta numfashi ba a yi komai ba.

Abin da ya fi aiki, a fara da kayan ofis ɗin kansa: a cire na'urar da ke fesa ƙamshi da kanta da wadda ake jonawa a soket, a canza sabulun goge ƙasa. Sau da yawa nan ƙorafin ke mutuwa. In bai mutu ba, a matsar da teburin mai larura kusa da taga, sannan shugaba ya yi magana da mai turaren a keɓe, ba tare da ambaton wanda ya kawo ƙara ba. A kula da rubutun kwali kuma: Unscented na iya ɗauke da wani ƙamshin da aka sa don danne warin sinadarai, Fragrance-free ne ake nufin ba a zuba ba.

Nas ta Sashen Numfashi: Ofis a yi sulhu, Hajiya, amma sashen masu ciwon huhu, ɗakin jarirai bakwaini da wurin ba da maganin ciwon daji, babu sulhu, da ma'aikaci da mai dubiya. In kuma asma ta tashi a gabanku: a fitar da shi zuwa iska, ya zauna a miƙe, kada a kwantar da shi. Ya shaƙi inhelarsa ta gaggawa, yawanci shuɗiya ce, shaƙa ɗaya duk sakan 30 zuwa 60, har zuwa 10. In ba ya iya gama jimla, ko leɓensa ya sauya launi, ko bai ji sauƙi ba, asibiti nan take. Kuma don Allah mai turaren ya ja baya, kada ya zama shi ne mai tallabe shi.

Mai Haɗa Turare: Asibiti na sallama. Batun jabu ma na rage murya, ko da yake har yanzu na fi tsoron kwalbar da ba wanda ya san abin da ke cikinta. Ofis dai ina nan kan bakana: wanda ba a jin turarensa sai an matso tazarar hannu ɗaya, bai zalunci kowa ba.

Malamin Kimiyya: Wa zai auna tazarar, Alhaji? Hancinsa da ya riga ya saba?

Mai Haɗa Turare: Ya tambayi wani a gida kafin ya fita. In an ce ya yi yawa, ruwa kaɗai ba ya cirewa, tunda mai ne. Ya jiƙa auduga da alkohol ɗin goge rauni, ko man shafawa marar ƙamshi, ya goge wurin, sannan ya bi da sabulu. In a riga yake kuwa, sai dai ya canza rigar.