Wane suna za mu ba ciwon huhun da likitoci ke kira COPD?

Mai buɗe zance, daga Jidda: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da ma'aikatan lafiya game da ciwon da likitocin Saudiyya ke rubutawa da haruffan COPD, wanda da Larabci suke ce wa insidad ri'awi muzmin. Idan muka raka dattawanmu asibiti muna yi musu tafinta, yawancinmu "fuka" muke cewa, sai iyalin mara lafiya su ɗauka tarin fuka ne, su ware masa kofi da kwano, alhali wannan ciwo ba a ɗaukarsa daga wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021, don haka ya cancanci suna nasa na kansa.

Wata ma'aikaciyar jinya, daga Makka: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a raɗa suna, ya kamata a san abin da ke faruwa a ƙirji. Hanyoyin iska suna kumbura su ƙuntata, kaki ya taru a cikinsu, sannan 'yan jakunkunan iska da ke can cikin huhu su lalace, har iskar da ta shiga ta kasa fita gaba ɗaya. Shi ya sa za ka ga dattijo ya tsaya a tsakiyar matakala ya dafa bango, ya tsuke baki yana fitar da numfashi a hankali. Ana tabbatar da ciwon ne da na'urar da ake hurawa da ƙarfi: idan iskar da mutum ya fitar a daƙiƙar farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na dukan abin da ya fitar ba, ko bayan ya shaƙi magani, to hanyar ta ƙuntata. Kada kuma a ce asma, wadda ake kira rabu a nan, domin ita takan taso ta lafa, numfashi ya koma daidai, wannan kuwa ɓarnar da ya yi ba ta gyaruwa.

Wani ɗan kasuwa, daga Madina: Me zai hana a ce "ciwon mashaya taba"? Kowa zai gane nan take, kuma zai zama gargaɗi ga samarinmu masu zaman shisha.

Ma'aikaciyar jinya: Alhaji, taba da shisha su ne kan gaba, babu musu, amma wannan suna zai zalunci iyayenmu mata. Akwai wadda ba ta taɓa riƙe sigari ba, sai dai ta shekara talatin tana hura murhun itace ko gawayi a madafa marar taga kafin ta zo ƙasar nan, haka ma wanda ya daɗe yana aiki cikin ƙura. Idan sunan ya zama abin kunya, ɓoye tarin za su yi.

Wani malamin makaranta, daga Makka: "Ciwon huhu" ya riga ya zama na namoniya a bakin mutane. "Toshewar huhu" ya bi Larabcin sau da ƙafa, sai dai abin da ya toshe ba ya wucewa sam, mai wannan ciwo kuwa yana numfashi, da kyar ne kawai. Ni "cushewa" na fi so, kamar yadda hanya ke cushewa a Mina ranar jifa, ana tafiya amma a matse. Ga kalmar muzmin kuma, wato ciwon da ke daɗewa a jiki, "mai ɗorewa" bai dace ba, tunda alheri ake wa fatan ɗorewa. Ina ba da shawarar "cushewar huhu ta dindindin".

Mai buɗe zance: Allah ya saka da alheri, Malam. Tsorona ɗaya shi ne kalmar dindindin ta sa mara lafiya ya yanke ƙauna.

Ma'aikaciyar jinya: Gaskiya ce dole a faɗa masa, domin wanda ya zaci zai warke yakan ajiye bakhakh, wato abin shaƙar magani, da zarar ya ji sauƙi. Sai a haɗa masa da cewa barin taba yana rage saurin lalacewar huhu, maganin shaƙa yana buɗe hanya, tafiyar ƙafa kullum tana ƙara ƙarfi, allurar rigakafin mura da ta namoniya kuma suna rage tasowar ciwon, musamman gabanin aikin Hajji. Na amince da "cushewar huhu ta dindindin" a rubuce, a baki kuma "cushewar huhu" ta wadatar. Saura mu samo wa bakhakh ɗin kansa suna.