Wai mu baƙar fata ma muna buƙatar man rana?

Ɗan Fagge a Jamus:
Salamu alaikum 'yan uwa. Bazarar nan na samu aikin shara a bakin wani tafki kusa da Balin. Ashe akwai ɓangaren da aka kafa wa allo an rubuta FKK, wato na masu zama tsirara. Ranar farko a'uziyya na yi ta yi, idona a kan tsintsiya. Akwai wani dattijo da ba ya fashi, ko kamfai babu, amma malafa na kansa. Ba ya zama sai ya mulke jikinsa da man kare fata daga rana har bayan kunne, kuma 11 na yi zai koma gindin bishiya, ba ya fitowa sai bayan 3. Jiya ya nuna mini tabon ɗinki a kafaɗarsa, ya ce sankarar fata aka yanke masa, ya miƙo mini kwalbar. Na ce baba ni Bakano ne, ranarku ai wasan yara ce. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Mu ma tana kama mu?

Maman Hanif:
Wa alaikumus salam. Aikin jinya nake yi. Baƙar fata tana tare rana sosai, shi ya sa cutar ta fi yawa a Turawa, musamman na Ostareliya. Amma ba ta tare duka. Tunda wuni kake a fili, ka karɓi man, mai lambar ƙarfin kariya 30 ko 50, ka riƙa ƙarawa duk bayan awa 2. Mu kuma inda ta fi yi mana kwanton ɓauna shi ne tafin ƙafa da ƙarƙashin farce, wannan ba ruwanta da rana. Irinta ce ta kashe Bob Marley a 1981, daga ɗan yatsan ƙafa ta faro. In ka kai shekara 35, inshorar lafiyarku ta Jamus na biyan kuɗin duba fata duk shekara 2.

Abban Sadik:
Ƙanena zabiya ne. Shekara da shekaru yana bin mu gona da singileti, har wani gyambo ya fito masa a kunne ya ƙi warkewa, muna ta barbaɗa masa magani. Sai da aka yi masa aiki. Yanzu malafa da riga mai dogon hannu ko da sallah, man kuwa tsada kamar me.

Ɗan Fagge a Jamus:
Allah ya ƙara masa lafiya. Yaya Maman Hanif na gode. Gobe zan karɓi kwalbar, amma fa a fuska da hannu zan tsaya.