Neman kalmar Hausa: me za mu kira bindigar da Turawa ke ce wa bolt-action?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Masu fassara tarihin yaƙe-yaƙe sun daɗe suna cin karo da kalmar bolt-action, sai wasu su rubuta "bindiga" kawai su wuce, wasu kuma su ce "mai harbi ɗai-ɗai", alhali wannan bai bambanta ta da adaka ko bindigar toka ba. Shawarata ita ce mu tsaya a kan "bindiga mai sakata", kuma hujjata tana cikin ƙirar bindigar da ta fara shiga hannun sojoji da wannan tsari.

Wani maƙeri Bajamushe mai suna Johann Nikolaus von Dreyse, mutumin garin Sömmerda, shi ne ya ƙera ta a 1836, kuma rundunar Purusiya, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, ta ɗauke ta a matsayin samfurin 1841. Kafin wannan lokaci yawancin sojojin Turai ta baki suke ɗura wa bindiga albarushi da harsashi, su danna da sanda. Dreyse ya buɗe bindigar ta baya, ya sa wani mulmulallen ƙarfe mai ɗan hannu a gefe, wanda yake zamewa gaba da baya a cikin kwararo. Soja zai juya hannun, ya ja ƙarfen baya, ya saka harsashi a ɗakinsa, ya tura ƙarfen gaba, sannan ya kwantar da hannun ya kulle. Duk wanda ya taɓa danna sakatar ƙofa ya san wannan motsi, har da juyawar ƙarshe da ke hana ta zamewa. Turawan Ingila ma daga sakatar ƙofa suka aro sunan, haka kuma Faransawa da suke cewa fusil à verrou, abin da 'yan'uwanmu na Nijar za su iya tabbatarwa.

Wani malami ya kawo shawarar "bindiga mai allura", kuma ba a banza ya faɗa ba, domin Jamusawa da kansu da allura suka san bindigar Dreyse. Harsashinta naɗe yake a takarda, albarushi a baya, dalma a gaba, a tsakaninsu kuma akwai ɗan sinadarin da ke kama wuta idan an buge shi. Idan aka ja kunama, wata doguwar siririyar allura ce take fitowa daga cikin ƙarfen, ta huda takardar, ta ratsa albarushin gaba ɗaya, ta bugi sinadarin. Ma'ana allurar tana tsakiyar wuta a kowane harbi, shi ya sa take saurin cinyewa ta karye, har sojoji suka riƙa yawo da wasu a ajiye. Ga kuma hayaƙi mai zafi da ke tsiyayowa ta baya zuwa fuskar mai harbi idan bindigar ta sha aiki. Duk da haka, a fafatawar Königgrätz ta ranar 3 ga Yulin 1866, sojan Purusiya yana kwance yake sake loda bindigarsa, yayin da na Ostiriya mai bindigar Lorenz ke buƙatar miƙewa ya ɗura ta baki.

Matsalar wannan suna ita ce allurar ba ta yi tsawon rai ba. Bindigar Chassepot da Faransa ta ɗauka a 1866 ta riƙe allura da harsashin takarda, ta ƙara zoben roba don toshe hayaƙin, amma da bindigar Mauser ta Jamus ta 1871 ta zo da harsashi mai kwanson ƙarfe, sai gajeren tsinke mai bugun gindin kwanso ya maye gurbinta. Abin da ya rage a cikinsu duka, har zuwa Lee-Enfield da sojojinmu suka riƙe a ƙasar Bama (Myanmar ta yau) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shi ne ƙarfen nan da ake ja a mayar. Saboda haka "mai allura" ta zama sunan Dreyse da Chassepot, "mai sakata" kuma ta zama sunan dangin baki ɗaya.

An kuma ambaci "mai makulli" da "mai kuba", sai dai makulli ana zare shi a tafi da shi, kuba kuwa ba ta zamewa a kwararo. "Mai sarrafawa da hannu" tana da amfani wajen kishiyantar "mai sarrafa kanta", amma ta haɗa da wasu bindigogin da ba su da wannan ƙarfe ko kaɗan.

Akwai abu ɗaya da ke neman ra'ayinku. Bindigar Mannlicher ta Ostiriya ta 1895 ana jan hannunta ne a miƙe a mayar, ba tare da mai harbi ya juya shi ba. Ni dai na fi karkata ga "mai sakatar ja-ka-mayar", ita kuma irin ta Dreyse da Mauser a kira ta "mai sakatar murɗawa".