Cokalin gaba ƙirar gida a kan ƙaramar tarakta: waɗanda suka gwada su ba mu labari

Baban Hadiza, Tawa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da ƙaramar tarakta da na saya ta hannu, mai ƙarfin doki 30, tayoyin baya kaɗai ke ja. Huɗa da jan tirela ba ta gaza mini ba. Abin da ke cin kuɗina lodi ne: taki daga garke zuwa garka, yashi daga ƙorama, jar ƙasa ta cikon fili. Kun san halin Adar, da an gama girbi samari sun kama hanyar Abijan ko Libiya, mai riƙe felu sai an yi ta lallashi. Wani mai walda ya ce zai ƙera mini cokalin gaba da hannuwansa biyu da jak-jak na mai. Kafin in saki kuɗi ina son in ji daga wanda ya hau ya ɗebi ƙasa da irinsa, ba wanda ya gani a Facebook ba.

Mai walda na bakin tasha, Tawa

Wa alaikumus salam Malam. Na ƙera, kuma na gyara na wasu. Shi cokalin ba aiki ba ne, yaron shagona ma zai lanƙwasa maka tol ya haɗa shi. Tambayar da za ka yi wa mai aikinka ita ce: a ina zai ɗaure shi jikin tarakta?

Yawancin taraktocinmu ba su da shasi irin na babbar mota. Inji da akwatin giya da gidan tayoyin baya su ne aka ɗaure juna da noti, su ne ƙashin bayan. Kuma ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, tsagewa yake yi kai tsaye. An taɓa jawo mini wata daga wajen Kalfu, an ɗaure ginshiƙan cokalin a ramukan noti huɗu na gefen inji kawai. Mai ita ya shiga tsibin jar ƙasa da gudu, gidan kuloci ya tsage daga sama har ƙasa, mai yana zuba. Kuɗin wancan gyara ya fi kuɗin cokalin da aka yi masa.

Yadda nake yi: ginshiƙan su zauna a kan tol mai kaurin milimita 12 ko 15, sannan in ja ƙarfe biyu masu ƙarfi, ɗaya kowane gefe, daga gindin ginshiƙi har zuwa gidan tayoyin baya. A gaba kuma in sa tokara zuwa inda ake rataya nauyi. Idan ka tura cokali cikin tsibi, tayoyin baya ne ke turawa, to ƙarfin ya bi ta waɗannan ƙarafan ya koma inda ya fito, kada ya bi ta cikin inji. Noti kuma a duba kansa, a ga an rubuta 8.8 ko 10.9. Wanda ba rubutu a kansa na ƙofar gida ne. Kada ka yarda kowa ya ɗora walda a jikin ƙarfen zubin tarakta.

Sandar walda ma haka. 6013 ta ƙofa da taga ce. Hannuwa da kunnuwan jak 7018 suke so, kuma ba ta son danshi, da damina sai an gasa ta kafin a yi aiki. Wani abu da ba a cika faɗa ba: lokacin zafi da rana wuta kan yi rauni, walda ta kwanta a sama kyakkyawa amma ba ta ci ƙarfe ba. Ni irin wannan aikin da asuba nake yinsa, ko in tada gurup, wato janareta.

Mai albasa, Galmi

Gaskiya ka faɗa maƙeri. Ni ba wajen ɗauri munka sha wuya ba, wajen girma ne. Cokalin da anka yi mini na farko yana cin tano biyu. Da busasshen taki lafiya lau, har mutane na tsayawa kallo. Ranar da munka je ɗibar yashi bayan ruwa, na cika shi na ɗaga, sai na ji bayan tarakta ya yi sakayau. Na sa giyar baya, tayoyi na juyawa a wuri ɗaya. Sitiyari kuma ya ƙi murɗuwa, don tawa ba mai taimakon mai ba ce, da ƙarfin damtse ake juya ta. Sai da yara uku sunka hau baya kana ta fita, abin da bai kamata a yi ba ma. Munka koma anka yanke cokalin, ya dawo tano ɗaya da ɗan ɗori. Don taki sai munka yi mashi ƙarin baki da ake ɗaurawa da noti a cire.

Malamin lissafi, Tawa

Alhaji, abin da ya same ka alƙalami na iya nuna shi tun ba a sayi ƙarfe ba. Tano lita 200 ne. Busasshen yashi cikin tano ɗaya ya kai kilo 300, jiƙaƙƙe ya wuce haka sosai. Busasshen taki kuwa ko rabin haka ba ya kaiwa. Ka ga cokali ɗaya ne, amma kaya biyu ne daban.

Tayoyin gaba su ne tsakiyar sikeli. A ce daga tayoyin gaba zuwa na baya mita 1.7 ne, kayan kuma suna gaban tayoyin gaba da mita 1.2. Kilo 300 a cokali zai sauke wajen kilo 210 daga tayoyin baya, ya ɗora wajen kilo 510 a kan na gaba. Ban sa nauyin ƙarfen cokalin da hannuwansa ba. Da tano biyu na Alhaji sai ka ninka. Tayoyin da ke ja da birki duk a baya suke, su ne aka sauke wa nauyi, ƙananan na gaba da ba a yi su don dako ba su ne aka danne. Saboda haka duk santimitar da mai walda zai iya matso da cokali kusa da hancin tarakta riba ce, muddin zai iya juye kaya cikin tirela.

Ni a gonar babanmu rabin tano muka cika da kankare, simintin Malbaza da tsakuwa, muka soka ƙarfe ta tsakiya aka rataya a hannuwan baya inda garma ke zama. Kankare lita 100 wajen kilo 240 ne. Da yake yana bayan tayoyin baya, har rage wa na gaba kaya yake yi. Mun kuma zuba ruwa a tayoyin baya, kashi uku cikin huɗu: ka juya taya bakin iska ya koma sama, ka cika har ruwa ya kai bakin, sauran iska. A Turai sai sun haɗa da maganin daskarewa, mu nan ruwan rijiya ya isa. Amma shi ruwan taya riƙe ƙasa kawai yake ƙarawa, ba ya sauƙaƙa wa gaba komai.

Baban Hadiza, Tawa

Malam, Allah ya ƙara sani. To jak ɗin fa? Mai aikina ya ce a samo manya na tifa, wai don kada su gaza.

Bakanike, Ƙonni

Yaya, kada ka yarda. Babban jak a ƙaramar tarakta matsala biyu ne. Na ɗaya, pampon ƙaramar tarakta lita kaɗan yake turawa a minti, ka zauna kana jiran hannu ya tashi har shayinka ya huce. Na biyu, zai ɗaga abin da taraktar ba ta iya ɗauka, sai wani abu ya karye. Jak mai faɗin ciki milimita 50, idan matsin mai ya kai bar 150, yana tura kusan tan 3. Biyu tan 6 ke nan. Ko da tsawon hannu ya cinye mafi yawan ƙarfin, abin da ya rage ya ishi tano ɗaya na yashi har da saura. Ni na fi son jak ya gaza kafin ƙarfen tayoyin gaba ya gaza.

Nawa daga kasuwar Katako ta Yamai na sayo su, na hannu. In za ka saya ka zaro sandar duka, ka bi ta da farce. Inda farce ya maƙale, nan za ta riƙa cin roba tana yoyo, kuma ƙurar hunturu za ta ƙarasa ta. Ka sa a canza robobin tun kafin a ɗaura. Na juya cokali lalle ya zama mai tiyo biyu, mai turawa da jawowa. Na ɗagawa ma mai tiyo biyun ya fi, don da shi kake iya danna bakin cokali ƙasa ka kankare fili.

Abin da ba na wasa da shi tiyo ne. Na ga an sa bututun ruwa na gini a layin mai, na ga an ɗaure tiyo da waya. Bar 150 ba ruwan pampo ba ne. A sa tiyo mai waya biyu a ciki, a matse bakinsa da inji. Akwatin sandunan sarrafawa kuma ya kasance da bawul mai sakin mai idan matsi ya wuce kima, musamman in ka ƙara wani pampo daban a gaban inji. Wani yaron garejinmu ya bi tiyo da tafin hannu yana neman inda ke yoyo. Ɗan huji ne kamar na allura, ko jini bai fito ba, ya ci gaba da aiki. Da dare hannu ya kumbura, ashe mai ya shige cikin nama, sai da aka yi masa aiki a asibiti, yatsa ɗaya har yau ba ya lanƙwasuwa. Yoyo da guntun kwali ake nemansa. In kuwa ya huda mutum, asibiti a take, a kuma faɗa wa likita man inji ne ya shiga.

Direba, Keita

Mu nan dutse ne sana'armu. Tun aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a 1984 mutanen Keita suka saba jera duwatsu don tare ruwa, har yau ana yi a gonaki. Cokalin ƙirar gida ba ya daidaita kansa: yadda hannu ke tashi haka bakin ke ƙara kwantowa baya. Da yashi sai dai ya zubo maka a kan bonet. Da dutse kuwa, wani ya gangaro ta kan hannun ya fasa fitila ya tsaya dab da gwiwata. Tun daga nan aka yi mini raga ta ƙarfe a bayan cokalin. Kuma in ina tafiya da kaya, cokali na ƙasa-ƙasa, kada ya wuce tsayin gwiwa. A gangaren tudunmu mai tafiya da cokali a sama kifewa yake nema, taya ɗaya ta faɗa rami shi ke nan.

Bakin cokali da tsohuwar wuƙar gireda aka yi mini, ɗaurin noti. Na maƙwabcina sifirin ɗin babbar mota aka yi wa walda a sanyi, ya ɓalle a gefen waldar. In da sifirin za a yi, sai an zafafa shi tukuna, a bar shi ya huce a hankali cikin yashi.

Hajiya mai kiwo, Tamaske

Ƴaƴana, duk kun tsaya kan cokali. Ni turkar raguna da shanu nake yi, kuma takin turke da ya daɗe yana haɗe da kara da tattaka, cokali ba ya shigarsa, sai dai ya yi ta turawa. Ɗana ya sa aka yi mana wani baki mai haƙora bakwai da tsofaffin sandunan tayar mota, a cire cokali a sa shi, ƙusoshi ne kawai ake zarewa. Da shi muke juya takin da muke ruɓarwa, da shi muke ɗora damman kara da harawa bisa rumfa. Na fi amfani da shi sau da yawa a kan cokalin. In za a yi muku, ku ce tun farko a yi ƙusoshin girma ɗaya, masu ramin giris, don baki ya riƙa canzuwa ba da guduma ba.

Mai albasa, Galmi

Hajiya ta tuna mani. Mu ma munka yi haƙora biyu dogaye na ɗaukar buhunnan albasa bisa katako. Kun san buhunmu da cikowa ya wuce kilo 100. Biyu take ɗauka cikin kwanciyar rai, na uku in ya zauna can bakin haƙora sai baya ya fara rawa. Lissafin Malam ne dai. Masu maƙala haƙoran a leɓen cokali sun fi shan wannan, don kayan sun ƙara nisa, leɓen kuma yana lanƙwashewa.

Alhajin Madawa

Ni fa ban goyi bayan abin nan ba, ku yi haƙuri. Tarakta mai doki 30 da ba ta ja da gaba, ba ta da sitiyarin mai, me ya kai ta cokalin gaba? Nawa a baya yake, a hannuwan garma. Ba jak, ba tiyo, ba ƙarin pampo. In ja da baya in soka shi cikin tsibi, in ɗaga, nauyi ya hau kan manyan tayoyi, in na isa in ja igiya ya juye. Shekaru ina cikon gona da shi ban canza ko ƙwallon tayar gaba ba. Ku tambayi masu na gaba sau nawa suka canza.

Mai walda na bakin tasha, Tawa

Alhaji, ban musa ba, ƙwallayen gaba suna ci, tayoyin gaba ma haka. Amma naka ba ya ɗagawa ya kai bakin tirela, Baban Hadiza kuma lodi yake so.

Alhajin Madawa

Sai ya haƙa rami tirela ta shiga, ya zuba daga sama. Haka muke yi.

Bakanike, Ƙonni

A garke ɗaya wannan dabara ce, Baba, amma mai yawo ƙorama zuwa ƙorama ba zai yi ta haƙar rami ba. Yaya, in ka tsaya kan na gaban, ga abin da za ka auno kafin ka koma wurin mai aikinka: tsayin bakin tirelarka daga ƙasa, tazarar tayoyin gaba da na baya, da lambar da ke jikin pampo. Ka ɗauko hoton gefen injin duka biyu inda ramukan noti suke, da na gidan tayoyin baya. Ranar Lahadi ina shigowa kasuwar Tawa sayen kaya, in ka kawo ta bakin tasha sai mu duba tare da maƙeri.