Saura kwana 8 mu tashi Masar, yanzu ake mana maganar katin allurar shawara

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ku taimaka min, kaina ya kulle. Abban Hanif ne ya shirya mana tafiya hutu Masar, mu ɗan zauna a Alƙahira sannan mu wuce Iskandariyya bakin teku. Tun aurenmu yake min wannan alƙawarin, duk shekara sai wani abu ya taso, ko gini ko kuɗin makarantar ƙannensa. Bana Allah ya nufa. Da Hajiya mahaifiyarsa ta ji, ta ce ita ma tana so ta ga Azhar da masallacin Sayyidina Husaini, kuma wallahi ban ƙi ba, zamanmu lafiya lau, ita ta riƙe min Hanif lokacin ina makaranta. Ƙanwarsa ce dai take ta ƙananan maganganu wai ni na hana a tafi da ita, alhali kuɗin tikiti ne bai kai ba.

Biza ta fito, tikiti na hannu, saura kwana 8. Jiya ejan ɗinmu ya kira yana tambaya ko muna da katin allurar shawara, wato rigakafin zazzaɓin shawara. Ni ina da wani tsoho na lokacin da na je Umra, sauran babu. Ya ce kar mu damu, mu tura hoton fasfo da kuɗi, zai kawo katunan har gida, ba sai an soki kowa ba. Abban Hanif ya ce a ba shi kawai. Ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya, ga yara. Mu karɓa, ko mu je a yi mana? Kuma akwai wata allurar da ta kamata bayan wannan?

Hajiya Ummi: Wa alaikumus salam. Ƙanwata kwantar da hankalinki. Shekara da shekaru ina saro kaya ta Alƙahira, sau tari ko kallon katin ba sa yi. Ki karɓa ki sa cikin fasfo ku yi tafiyarku.

Anty Binta: A'a Hajiya Ummi, kar ki ɗora yarinyar nan a kan wannan hanyar. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, na san abin da nake faɗa. Maman Hanif, 'yata, kin ba mu labarin ƙanwar miji, amma abin da ake buƙata ba ki faɗa ba. Shekarun yaran nawa? Hajiya fa, shekarunta nawa, tana da wani ciwo? Ke kina da ciki ko kina shayarwa? Allurar shawara ba kamar sauran ba ce, ƙwayar cutar ce mai rai da aka raunana, don haka ba kowa ake yi wa ba. Sannan katin ba ya fara aiki sai an cika kwana 10 da yin allurar. Ku kuma kwana 8 ya rage muku. Nan matsalar take.

Maman Hanif: Anty, Hanif shekararsa 5, Amira wata 7, ina shayar da ita. Hajiya ta kai 68, tana da ciwon suga da ciwon gwiwa. Maganar kwana 10 kuwa ba wanda ya gaya mana, ejan ɗin ne ya kamata ya faɗa tun da muka ba shi fasfo.

Maman Ikram: Ai waɗannan ejan-ejan ɗin sai addu'a. Mu lokacin Umrar azumi wani ya karɓi kuɗinmu cif, ya ce masauki kusa da Harami, muka je muka tarar sai mun hau mota. Mahaifiyata da ciwon ƙafa haka ta yi ta wahala. Da muka dawo ya daina ɗaukar waya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Anty Binta: To bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Amira ba ta cikin lissafi. Masar tana neman katin ne daga ɗan wata 9 zuwa sama, ga wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar irin tamu, kuma mu ma a wata 9 muke yi wa yara tare da ta ƙyanda. Kar ki yarda kowa ya yi mata. Abin da zan so ki tambayi likitan yara shi ne ko zai ba ta ta ƙyanda da wuri saboda cunkoson jirgi da filin jirgi, don ana iya yi daga wata 6 in za a yi tafiya.

Hanif, ɗauko katin rigakafinsa na jarirai ki duba layin wata 9. In an rubuta an yi masa, shi ke nan, hujja ce a hannunki. Ke ma haka. Tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, an daina sabuntawa bayan shekara 10. Sai dai Najeriya ta daina amfani da tsohon katin tun 2019, an koma sabo mai lambar da ake haskawa da na'ura. Ana biyan kuɗin ta intanet, a ɗauki rasit da fasfo a kai ofishin lafiya na filin jirgi. Ki tafi da naki tsohon da na Hanif, ki gaya musu kina shayar da 'yar wata 7. Wannan kar ki manta shi, don an taɓa samun jariran da ƙwayar allurar ta kama ta nono, shi ya sa ake kaffa-kaffa da mai shayar da ɗan ƙasa da wata 9.

Saura maigidanki da Hajiya, su ne aikin.

Ummu Sadiq: Ni abin da ya ɗaure min kai, hutun farko da miji kuma da uwar miji? 'Yar'uwa jinya za ki je yi, ba hutu ba. Na gwada, na san yadda ake ƙarewa. Kullum ina ɗaki ina haɗa mata shayi, shi yana yawon gari.

Maman Hanif: Ummu Sadiq, ba haka Hajiyarmu take ba, kuma ni na ce a tafi da ita. Don Allah a bar wannan zancen.

Hajiya Ummi: Anty Binta, duk wannan karatun a takarda ne. Mu da muke kan hanya mun san yadda ake yi. Kwana 10 ina suka gan shi? So kike su yi asarar tikitin mutum biyar? Wanda ya kawo katin ai ya san ranar da zai rubuta.

Anty Binta: Ranar ƙarya ke nan, Hajiya Ummi. Ranar da aka haska lambar ba ta fito ba fa, wa zai tsaya musu? Ba ejan ba dai. Cutar tana iya ɓuya a jiki har kwana 6 kafin ta bayyana, shi ya sa wanda ya sauka ba kati ingantacce ake iya killace shi kwana 6, ko tun a nan a hana shi hawa jirgi. Ki ƙiyasta tsohuwa mai ciwon suga a killace a ƙasar da ba ta jin yarensu. Kuma mu daina ganin kamar don Masar ake allurar. Su ba su da cutar, mu ne muke da ita. Ta dawo mana tun 2017 daga Kwara, a 2019 ta kashe mutane a Bauchi, wajajen Yankari. Idanu su yi ɗorawa, hanta ta lalace, wani har aman jini, kuma ba ta da magani sai dai a tallafi jiki. Maman Hanif, maigidanki lafiyayye ne, ya je yau a yi masa, a ɗaga tikitin da kwana 2 ko 3.

Hajiya kuwa ba zan yanke mata hukunci daga nan ba. Wanda ya haura 60 kuma bai taɓa yi ba, haɗarin mummunar illa ya fi yawa a kansa, duk da ba kasafai take faruwa ba. Likitanta ya duba ta. In ya ga bai dace ba, akwai takardar uzuri da ake rubutawa, amma ki sani karɓarta yana hannun jami'an can. Ku kuma tambaye ta ko ta taɓa zuwa Hajji, wataƙila an yi mata a lokacin.

Maman Hanif: Ta je Hajji tun da daɗewa, amma ta ce allurai aka yi musu a sansanin alhazai, ba ta san ko ta mece ce ba, katin ma ya ɓata da suka tashi daga tsohon gida. Ɗaga tikiti kuma Anty ba abu ne mai sauƙi ba. Hutun Abban Hanif a ƙirge yake, otal an biya, kuma ni ba zan iya zuwa in ce masa ya ƙara kuɗi ba bayan duk abin da ya kashe. Ejan ɗin nan shi ya yi wa yayan Abban Hanif takardu bara, lafiya suka je suka dawo.

Zainab A.: Kowa na ta maganar kati, an manta da ciwon ciki. Mu gudawa ce ta ɓata mana tafiya a can. Ki sha ruwan gora kawai, ki guji ƙanƙara a lemo da ɗanyen ganye a wuraren cin abinci na bakin titi, ki tafi da garin gishiri da suga na yara. Kar Hanif ya shiga ruwan Nilu ko magudanan gona, akwai tsargiya. Ruwan teku ba ya ɗauke da ita. Maleriya kam ki huta, tun Oktoban 2024 aka tabbatar Masar ta rabu da maleriya. Amma ku da kuka fito daga nan, in wani ya yi zazzaɓi ku gaya wa likita daga Najeriya kuke, don kar ya ƙi gwadawa.

Anty Binta: Zainab ta yi gaskiya. Akwai allurar taifot da ta ciwon hanta nau'in A, su ma so ake a yi kamar sati 2 kafin tafiya, amma ba wanda zai tare ku a kansu. Maman Hanif, wane magani Hajiya take sha na gwiwar?

Maman Hanif: Tramadol ne in ciwon ya matsa, mai kemis ɗin unguwarmu ke ba ta. Ba kullum ba.

Anty Binta: Innalillahi. Wannan ya fi katin ma haɗari. Masar ba ta wasa da Tramadol. A 2017 sun yanke wa wata 'yar Ingila ɗaurin shekara 3 saboda ta shigo da ƙwaya kusan 300 a jakarta. Ko ɗaya kar ya shiga kayanku. Likita ya canza mata wani, ya rubuta takarda da sunayen duk magungunanta, a bar su cikin kwalayensu a jakar hannu. In tana allurar suga, kar a sa ta a kayan awo, sanyin ƙasan jirgi yana lalata ta. Kin ga dalili biyu ke nan na kai ta asibiti gobe da safe.

Hajiya Ummi: Maganar Tramadol na yarda. Ta kati kuwa ina nan kan bakana.

Maman Hanif: Na gode muku duka. Na nuna wa Abban Hanif, ya ce maganin za a bari a gida, kuma zai kai Hajiya wajen likitanta, amma tikiti ba zai taɓa ba, kuma ya riga ya tura wa mutumin rabin kuɗin tun da rana. Ni dai zan kai nawa da na Hanif filin jirgi gobe. Anty Binta, in aka yi masa allurar gaske gobe, aka rubuta ranar gaskiya, muka sauka tana da kwana 7, shi kaɗai za su riƙe ko har da mu?